An rage ma'aikata, ga yara uku a gabanta: me ya rage mata a hannun kamfani da SSNIT?

Ranar wata Litinin a zangon karatun da ya wuce, bayan an tashi, wata ɗalibata 'yar aji uku na ƙaramar sakandare ta tsaya a bakin ofishin malamai riƙe da ambulan. Na ɗauka takardar uzuri ce, don ta yi kwana biyu ba ta zo ba. Ashe wasiƙar mahaifiyarta ce daga wurin aiki. Ta ce, "Malam, Mama ce ta ce in kawo maka ka duba mata. Wai an ce ta sa hannu ta mayar kafin Juma'a."

Shafi biyu ne. Na farko yana cewa kamfanin, wanda ke rarraba kayan masarufi a nan Kumasi, zai sake fasali, zai rufe sashen da take aiki, zai kuma ba ta albashin wata uku a matsayin biya na ƙarshe, ba sauran wani haƙƙi bayan nan. Shafi na biyu shi ya sa na gyara zama. Takardar ajiye aiki ce da aka riga aka buga da sunanta, wai ita da kanta ke sanar da kamfani ta bar aiki bisa raɗin kanta. Wurin sa hannu kawai aka bar mata.

Matar shekararta 48. Shekara 14 ta yi a sito ɗin kamfanin tana lissafin kaya masu shiga da masu fita. Aurenta ya mutu tun autanta na goye, ita ke ci da yara uku, ita ke biyan haya. Ba zan ambaci sunanta ko na kamfanin ba. Ta yarda in rubuta labarin ne don ta ce irinta suna da yawa a zangonninmu, kuma gaskiyarta ne. Wanda ya tuna watan Agusta na 2017, da Babban Bankin Gana ya soke lasisin UT Bank da Capital Bank, da yadda bayan shekara guda aka haɗe wasu bankuna biyar aka kafa Consolidated Bank Ghana, da ƙananan kamfanonin lamuni 347 da aka soke wa lasisi a 2019, ya san mutum kan kwana da aiki ya tashi babu. Mutanen Obuasi sun ga nasu tun 2014 da aka sallami ma'aikatan mahaƙar zinariya. Korona kuma ta zo ta ƙarasa.

Ni malamin makaranta ne, ba lauya ba. Abin da na yi shi ne na zauna da Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, da Dokar Fansho ta 2008, mai lamba 766, na karanta su a waya dare biyu, sannan na raka ta ofisoshin da ya kamata. Abin da muka tarar ke nan nake so in baje.

Wayar da ta zo daga Landan

Kafin ma mu fara, ƙaninta da ke Landan ya riga ya kira ta. Ya ce ta kwantar da hankalinta, mace mai yara da ta rasa aiki ai gwamnati ce ke ɗaukar ta, ta je ta nemi "benefit". Ya faɗi abin da ya sani ne. A Ingila akwai tallafin da ake kira Universal Credit, ana ba marar aiki da mai ƙaramin albashi duk wata, da ƙari saboda yara da kuɗin haya. Can ɗin ma ba a banza ake bayarwa ba: wanda ajiyarsa ta haura fam 16,000 ba ya samu, wanda kuma ke karɓar fansho ana cire masa adadin fanshon daga tallafin.

To, a Gana babu wannan. Babu ofishin da za ka je da takardar sallama a fara ba ka wani abu duk wata har ka samu wani aikin. A 2020, da korona ta yi tsanani, gwamnati ta yi maganar kafa inshorar rashin aiki ta ƙasa, amma maganar ba ta zama kuɗi a hannun ma'aikacin da aka sallama ba. Gara mutum ya san wannan tun ranar farko, don kada ya ɓata wata biyu yana zagaya ofisoshi yana neman abin da babu shi, alhali abin da yake nasa da gaske yana can yana sanyi.

Abin da ke wuyan kamfani

Sashe na 65 na Dokar Ƙwadago shi ne ke magana kan rage ma'aikata. Ya ce idan mai kamfani yana shirin babban canji a tsarin aiki ko kayan aiki ko fasalin kamfanin, wanda zai sa a sallami mutane, dole ya rubuta wa Babban Jami'in Ƙwadago da ƙungiyar ma'aikatan wurin aƙalla wata uku kafin canjin. Zai bayyana dalili, da adadin mutanen da abin zai shafa, da lokacin da za a yi. Sannan ya zauna da ƙungiyar a nemi hanyar rage ɓarnar. Tambayar farko da na sa Hajiya ta yi wa manaja ke nan: an rubuta wa ofishin ƙwadago? Yaushe? Wannan tambaya kaɗai ta canza yadda ake yi mata magana a ofishin.

Sashen ya ƙara da cewa idan aka rufe wurin aiki, ko aka sake masa tsari, ko aka haɗe shi da wani, har ma'aikaci ya rasa aikinsa ko sharuɗan aikinsa suka ragu, to yana da haƙƙin kuɗin sallama. A kula da kalmomin nan, don a kansu ake rigima. Wasu masu kamfani kan ce su ba rufewa suka yi ba, ba haɗewa suka yi ba, ciniki ne ya ja baya suka rage hannu, saboda haka ba abin da ke kansu. Shi ya sa dalilin da aka rubuta a wasiƙar sallama yake da nauyi. Nata wasiƙar ta ce sake fasali da rufe sashe, baƙi kan fari, da sa hannun shugaban kamfanin.

Ka ga amfanin shafi na biyu ga kamfani ke nan. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba a rage shi ba, tafiya ya yi. Da ta sa hannu, da wata ukun nan ya zama kyauta da aka yi mata don mutunci, ba ta da bakin cewa ya yi kaɗan.

Nawa ne kuɗin sallamar? Nan dokar ta yi shiru, kuma a ganina wannan shi ne babban rauninta. Ba ta yanke adadi ba. Cewa ta yi a sasanta tsakanin mai kamfani da ma'aikacin ko ƙungiyarsa. Inda akwai ƙungiya mai ƙarfi, kamar mahaƙai da bankuna, yawanci yarjejeniyarsu ta riga ta faɗi albashin wata nawa za a biya kan kowace shekarar aiki. Inda babu ƙungiya, kamar wurin Hajiya, sai a bar mai sito ita kaɗai gaban lauyan kamfani a ce su sasanta. Wane sasanci ne wannan? Abin da ya rage mata shi ne, idan ba a daidaita ba, ko ita ko kamfanin na iya kai maganar gaban Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, kuma ba sai da lauya ba. Takardar koke ce, da kwafin wasiƙar ɗaukar aiki, da wasiƙar sallama, da takardun albashi.

Wani abin da muka lura da shi: albashin wata ukun nan an cusa komai a ciki. Alhali akwai abubuwan da nata ne ko da ba rage ma'aikata aka yi ba. Akwai notis: kwangilar shekara uku ko fiye, wata guda ne, ko a biya albashin watan a madadinsa; ƙasa da shekara uku, mako biyu. Akwai hutun shekara, wanda doka ta ce ba zai gaza kwanakin aiki 15 ba, kuma wanda aka sallama bai ci nasa ba ana lissafa masa gwargwadon watannin da ya yi a shekarar. Akwai albashin kwanakin da ta yi aiki a watan ƙarshe, da duk wani bashin obataim. Idan ka cire waɗannan daga wata uku, abin da ya rage a matsayin kuɗin sallamar shekara 14 bai kai albashin wata biyu ba. Na ce mata, "Hajiya, ki ce su rubuta kowane abu a layinsa, da adadinsa." Kuma idan an cire haraji daga wani layi, a tambayi dalili a rubuce.

Sashe na 66 ya cire wasu daga wannan kariya: mai kwangilar ƙayyadadden lokaci ko ƙayyadadden aiki, da wanda ke lokacin gwaji, da ɗan aikin yini. Yaran zango da yawa a nan suke faɗawa. Amma dokar dai ta ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida ko fiye a jere wurin mutum ɗaya ana ɗaukarsa kamar na dindindin. Don an kira ka "kashuwal" shekara huɗu ba shi ke nufin hakan kake a idon doka ba.

Wata 157

Ranar Laraba na nemi izini a makaranta muka je ofishin SSNIT. Da katin Gana kaɗai aka buga mata takardar bayanin asusunta, don tun 2021 aka haɗe lambar SSNIT da ta katin. Shekara 14 wata 168 ne. Takardar ta nuna 157. Wata 11 sun ɓace, a warwatse cikin shekara biyu, kuma a duk watannin nan takardar albashinta ta nuna an cire mata kuɗin SSNIT.

Bari in yi bayanin yadda abin yake tafiya, don na tarar ko cikin malamai 'yan'uwana ba kowa ya riƙe shi ba. Tun Janairun 2010 fanshon Gana mataki uku ne. Duk wata ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga gundarin albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara kashi 13, ya zama 18.5. Daga ciki kashi 13.5 na tafiya SSNIT, shi ne mataki na ɗaya, kuma SSNIT na miƙa 2.5 daga ciki ga inshorar lafiya. Sauran kashi 5 ɗin na tafiya mataki na biyu, wanda kowa ke kira "tiya tu", wurin wani kamfani mai zaman kansa da ke riƙon amanar kuɗin. Mu ɗauka gundarin albashi sidi 2,000 ne. Ma'aikaci ya ba da 110, kamfani 260, jimla 370. SSNIT ta karɓi 270, tiya tu 100.

Kalmar "gundari" ita ce tarkon. Kamfanoni da yawa kan ƙanƙanta gundarin albashi su kumbura alawus, na mota, na haya, na abinci. Ma'aikaci yana murna da abin da ke shiga hannunsa, bai san fanshonsa a kan ƙaramin ɓangaren ake ginawa ba.

Doka ta ba mai kamfani kwana 14 bayan ƙarshen wata ya miƙa kuɗin, in ya makara akwai tarar kashi 3 cikin ɗari duk wata, kuma SSNIT na gurfanar da masu taurin bashi a kotu. Saboda haka wata 11 ɗin nan ba su mutu ba. Ta shigar da koke nan take, da kwafin takardun albashin watannin. Allah Ya taimake ta, tana cikin masu ajiye takarda. A cikin wata tsohuwar jakar leda ta tara su shekara da shekaru. Shawarata ga duk wanda ya ji ƙishin-ƙishin rage ma'aikata: ka buga takardar asusunka tun kamfanin na tsaye da ƙafarsa. Bin bashin wanda ya rufe ƙofa ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Me ya sa muka damu da wata 11? Saboda lambar da komai ya rataya a kanta ita ce 180. Wanda ya biya gudummawa wata 180, wato shekara 15, yana da fansho na wata-wata har ƙarshen rayuwarsa. Wanda ya kai shekara 60 bai cika 180 ba, tattara masa abin da ya zuba za a yi a dunƙule, da ɗan ƙarin da doka ta ƙayyade, shi ke nan an rabu. Tsakanin 179 da 180 akwai bambancin da ya kai na rijiya da randa.

Da muka fito ta tambaye ni abin da ke cin ta tun safe: "Malam, to yanzu ba za su ba ni kuɗina ba? Ai nawa ne." Amsar ba ta da daɗi. SSNIT ba ta biyan mutum don ya rasa aiki. Tana biya ne idan ya kai shekarun ritaya, ko likitoci suka tabbatar ya samu naƙasar da ba zai iya aiki ba, ko ya rasu a ba magadansa. Cikakken fansho sai shekara 60. Ana iya fara karɓa daga 55, amma ragagge.

Lissafin kuwa haka yake. Ana ɗaukar matsakaicin albashin shekara uku mafi tsoka da mutum ya biya gudummawa a kansu. Mai wata 180 yana samun kashi 37.5 cikin ɗari na wannan. Kowace ƙarin shekara tana ƙara kashi 1.125, har a tsaya a kashi 60, wanda sai mai shekara 35 a aiki. A misalinmu na sidi 2,000, wata 180 zai ba da sidi 750 a wata ga wanda ya jira 60. Wanda ya karɓa yana 55, kashi 60 na wannan zai samu, sidi 450, kuma ragin ba ya gogewa idan ya cika 60. Mai 57 yana samun kashi 75, mai 59 kashi 90. Ba kuɗin da za a yi shagali da shi ba ne, kuma sidi 750 nan da shekara 12 ba za ta sayi abin da take saya yau ba. Amma yana zuwa duk wata, ana yi masa ƙari duk shekara, kuma ɗan fanshon SSNIT ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya. Duk wanda ya taɓa jinyar tsohuwa ya san darajar wannan.

In an dawo mata da wata 11, tana da 168, saura 12. Kuma ba sai ta samu aikin kamfani ba kafin ta cike su. Mai sana'ar kansa na iya biya wa kansa, kashi 13.5 na kuɗin shigar da ya bayyana, kuma tun 2023 SSNIT ke ta yekuwar jawo 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu cikin shirin da ta kira SEED. Ana biya ta momo. Wanda ya bayyana sidi 1,000 a wata zai biya 135. Abin da ya faranta mata rai shi ne ƙaramin kuɗin da za ta riƙa biya yanzu ba zai ja fanshonta ƙasa ba, tun da shekara uku mafi tsoka ake dubawa, ba na ƙarshe ba. Watannin ne take saye. Wata 12 a kan 135, sidi 1,620 ke nan. Ban san wani adashi a Aboabo ko Asawase da zai mayar wa mutum abin da wannan zai mayar ba.

Tiya tu da jarabarsa

Sunan kamfanin da ke riƙe da tiya tu ɗinta ma ba ta sani ba, sai da muka tambayi akawun wurin aikinta. Wannan kuɗi nata ne, ba ya cikin dukiyar kamfanin da ya sallame ta, kuma idan ta samu sabon aiki tana iya mayar da shi asusun sabon wurin. A dunƙule ake biyansa idan mutum ya yi ritaya. Hukumar kula da fansho ta ƙasa, NPRA, ita ke sa ido a kan waɗannan kamfanoni, kuma wurinta ake kai ƙara idan an ga giɓi. Mun tarar da giɓin kuwa, na watannin nan dai.

Akwai wata ƙofa a dokar da ta shafe ta kai tsaye. Wanda ya cika shekara 50, ba ya aiki a ƙarƙashin kowa, ba ya kuma sana'ar kansa, yana iya karɓar tiya tu ɗinsa gaba ɗaya. Saura shekara biyu ta kai. Da ta ji haka idonta ya yi haske, ta fara lissafin shago a Kejetia.

Sai dai a nan abubuwa biyun sun yi karo. In ta yi rajista a matsayin mai sana'ar kanta don cike watannin SSNIT, kuma sana'ar na tafiya lokacin da ta cika 50, to ba ta cikin waɗanda wannan ƙofa ta buɗe wa. Masu riƙon kuɗin za su nemi shaidar rashin aiki, kuma na gaya mata ƙarara ba zan taya ta rubuta abin da ba haka yake ba. Ra'ayina ma, ko da ƙofar a buɗe take, gara a bar kuɗin. Na ga yadda kuɗin dunƙule ke narkewa a unguwa. Ranar da labari ya fita an biya wance, ranar ake tuno da zumunci: wannan zai aurar da 'ya, wancan na neman biza, wani na da kasuwancin da zai ninka kuɗi cikin wata uku. Mace marar miji ta fi kowa shan wannan matsi, don ana ganin ba wanda zai tsaya mata ya ce a'a. Amma ita ke biyan haya ba ni ba, kuma in tuwo ya gagara a gida ba wanda zai ce uwa ta bar kuɗi a asusu saboda shekara 60. Abin da na roƙe ta shi ne ya zama ƙofar ƙarshe da za ta ƙwanƙwasa.

Mataki na uku na ganin dama ne, asusun tanadi da wasu kamfanoni ke buɗe wa ma'aikatansu. Ita ba ta da shi. Mai shi ya sani cewa shi ne mafi saurin fitowa idan an rasa aiki, sai dai ma'aikacin kamfani da ya cire kafin kuɗin ya shekara goma ana yanke masa haraji.

A ofishin SSNIT ɗin ne kuma muka ci karo da abin da ba mu je nema ba. Jami'ar ta juyo da kwamfuta ta ce Hajiya ta duba sunayen waɗanda ta rubuta su karɓi haƙƙinta in ta rasu. Sunaye biyu ne: mahaifiyarta, wadda ta rasu shekaru da suka wuce, da tsohon mijinta. Tun ranar da ta fara aiki ba ta sake waiwayar takardar ba. Doka ta ware kashi 60 na irin wannan kuɗi ga 'ya'ya, 40 ga waɗanda aka rubuta, amma a yi tunanin wahalar da yaran za su sha kafin su tabbatar da kansu, sunansu ba ya ko'ina. A ranar ta canza. Tiya tu ma da tasa takardar daban, ita ma sai da aka gyara.

Yaran

Katin asibiti shi ne na gaggawa. Mai biyan gudummawar SSNIT ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya, ɗan kuɗin sabuntawa kawai yake bayarwa. Da zarar gudummawar ta tsaya, sai ya koma biya kamar kowa. Ta sabunta nata a waya ta *929# tun sunanta na cikin masu biya, in kuma ta ci gaba da zubawa a matsayin mai sana'a, rangwamen zai ci gaba. Yara 'yan ƙasa da 18 dama an ɗauke musu kuɗin shekarar. Na autan ya ƙare tun bara ba wanda ya lura.

Maƙwabta sun ce ta je ta yi rajistar LEAP. Shirin nan, wanda aka fara a 2008, yana ba da kuɗi duk wata biyu ga gidajen da ke cikin matsanancin talauci masu marayu da yara marasa galihu, ko tsofaffi 'yan 65 zuwa sama da ba su da mataimaki, ko masu naƙasa mai tsanani, ko masu ciki da masu jarirai. Jami'ai ne ke bi unguwa-unguwa suna tantance gidaje da ma'auninsu. Rasa aiki shi kaɗai ba ya sa mutum a jerin. Karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017 ya fi LEAP amfani gare ta, tun da ɗalibar tawa na gab da zana jarabawar fita, ko da yake kowane uba ya san "kyauta" ba ta haɗa da akwati da katifa da kuɗin mota ba.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi a bakinta, uban yaran. Yana raye, yana tuƙa motar haya, ya sake aure. Abin da yake aikowa sai da salla, shi ma ba kowace ba. Shekara da shekaru ba ta tayar da maganar ba, don albashinta na rufe asiri. Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, ta ɗora ciyarwa da tufatarwa da karatu da lafiyar yaro a kan iyaye biyu, ko da aure ko babu. Wanda yaran ke hannunsa na iya zuwa ofishin jin daɗin jama'a na gunduma, inda ake fara gwada sulhu, in ya gagara a wuce kotun iyali. Kotun na duba ƙarfin kowane ɓangare ta yanke adadi, tana da ikon sa a riƙa cirewa daga abin da mutum ke samu, tana kuma iya tsawaita biyan bayan yaro ya cika 18 in yana karatu. Wanda ba shi da kuɗin lauya akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Na san yadda zango ke kallon macen da ta kai uban 'ya'yanta soshal walfiya. Za a ce ta tona asiri, ta ja wa yara baƙin jini a dangin ubansu. Abin mamakin shi ne masu faɗin haka sun fi kowa sanin cewa a addini ma ciyar da yaran a wuyan uban yake. Ita dai ta zaɓi ta fara ta hannun manya. Yayanta da limamin unguwarsu suka kira shi. Na roƙi abu ɗaya kawai, duk abin da aka amince a rubuta shi, da adadi da ranar biya, kowa ya sa hannu, don in an karya alkawari takardar ce za ta yi magana a gaban jami'i.

Juma'ar da aka ba ta ta zo ta wuce ba ta sa hannu ba. Ita da wasu abokan aikinta huɗu suka rubuta wasiƙa ɗaya suna neman a zauna kamar yadda sashe na 65 ya ce, suka aika kwafi ofishin ƙwadago. Bayan mako uku kamfanin ya janye takardar ajiye aikin, ya ware notis da hutu a layinsu, ya ɗan ƙara a kan tayin farko. Su biyar ɗin sun ce bai isa ba, an sa wata ranar zama. Daga cikin wata 11, bakwai sun bayyana a asusunta, huɗu ana bi. Uban yaran ya biya wata biyu, na uku ya kawo rabi.

Ta fara sayar da koko da ƙosai a bakin layinsu da asuba, kuma ran 10 ga kowane wata take tura 135 ɗinta ta momo. Yarinyar ce ke riƙe da lissafin a bayan littafinta na darasi. Jiya ta nuna mini, ta ja layi ƙarƙashin 166.